Sayen Laftof Don Karatu a Sakkwato: Yaushe Za a Saya, Kuma Wacce Ce Za Ta Jure?

Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan cikin garin Sakkwato. Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fara fitowa, bencin ƙofar shagona ba ya rabuwa da mutane. Ga uba da takardar ɗansa a aljihun gaba, ga yaya da aka ɗora wa ɗawainiyar ƙanwarsa, ga ɗalibin Ɗanfodiyo ko na Jami'ar Jiha ko na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da ya tara 'yan kuɗinsa lokacin hutu. Mutanen ne ke canzawa, tambayoyin suna nan yadda suke. Ga su kamar yadda ake yi mini su, da amsar da nake bayarwa idan ba aiki a hannuna. Ban rubuta farashi ko ɗaya ba, don kafin a gama karantawa ya tsufa.

Malam, yaro ya samu gurbi. In saya masa yanzu, ko in bari sai sun shiga?

Alhaji, a ɗan dakata. Ganin suna a shafin JAMB daban, ranar shiga aji daban, kuma a ƙasar nan tsakanin su biyun kan yi nisa. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Kafin shi, na 2020 ya kai wata tara. Kowanne cikinsu ya ture kalandar jami'o'i, sabbin ɗalibai suka yi ta zaman jira a gida.

Ita kuwa laftof ba ta san an rufe makaranta ba. Garantin sabuwa yawanci shekara ɗaya ne, kuma daga ranar da aka yanka risiti yake fara tafiya, ko an buɗe kwalin ko ba a buɗe ba. A waccan shekarar wani dattijo ya kawo mini wadda ya saya wa 'yarsa tun farkon yajin aikin. Ya ɗora ta saman durowa cikin kwalinta, ya ce kada kowa ya taɓa sai ranar tafiya. Bazara ta zo ta wuce a kanta, a ɗakin kwano. Da muka buɗe, batirin ya zube ƙasa warwas, sai da muka sha fama kafin ya karɓi caji, kuma bai sake riƙe wuta yadda ya kamata ba. Garantin da zai taimaka saura kaɗan ya ƙare, ga shi tun daga Legas aka sayo ta.

Don haka a fara da kuɗin rajista da na masauki. Idan makaranta ta sanar da ranar komawa, a saya kamar mako uku ko huɗu kafin ranar. Ba don kasuwa ta fi sauƙi a lokacin ba. Dalili shi ne yaro ya yi aiki da ita kullum a gida, yana kusa da wanda ya sayar masa. Laftof mai ciwo ba ta iya ɓoye shi tsawon mako biyu ana aiki da ita.

To ai kaya kullum tashi suke yi. Idan na jira, kuɗin hannuna ba za su kasa ba?

Wannan tsoron yana da tushe. Ba a ƙera laftof a Najeriya yadda za ta wadaci kasuwa, da dala ake shigo da ita, kuma mun ga abin da ya faru bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi adashi don sayen laftof a tsakanin nan, ranar kwasarsa rabin laftof ya tarar.

Sai dai a raba abu biyu. In kuɗin sun cika, kuma an san wata ɗaya ko biyu ya rage a koma, a saya, ba laifi. Abin da nake hana mutane shi ne su ɗauki kuɗin da ba su cika ba su sayi rarrauna don gudun kada gobe ta ƙara tsada. Wannan sau biyu zai saya. Mai shago kuwa ko yaushe ka je zai ce maka kaya na hanya kuma da sabon farashi za su iso. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Amma shi ma, kamar ni da kai, bai san inda dala za ta kwana ba.

Na ji ana cewa sabon samfuri na tafe. In jira shi?

Jiran gawon shanu. Kamfanoni kan baje sabbin kayansu a watan Janairu a birnin Las Vegas na Amurka, kafin su iso kasuwarmu a farashin da ɗalibi zai iya, yaron ya kai aji uku. Rangwamen da shagunan intanet ke yi a watan Nuwamba ma haka: in ya zo daidai da lokacinka, madalla, amma ka riƙa duba farashin tun wata ɗaya kafin nan don ka san ko da gaske an rage.

Dole ne ɗan aji ɗaya ya mallaki laftof?

Ya danganta da abin da yake karanta. Mai karatun kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci, da wuri zai buƙace ta, don ba a koyon rubuta manhaja a takarda kawai. Mai karatun Shari'a, Larabci, Tarihi, Hausa ko fannin koyarwa, sau da yawa zangon farko da waya da takardun malamai yake ƙarewa. Mafi sauƙi, yaro ya nemi 'yan aji biyu da uku na sashensa ya tambaye su yaushe suka fara buƙatarta da gaske, kuma wace manhaja malamai ke sa su amfani da ita. Amsarsu ta fi tawa.

Amma kada a ji na ce a dakata a ɗauka har abada nake nufi. Lokaci mafi muni na sayen laftof shi ne tsakiyar shekarar ƙarshe, an amince da taken kundin bincike, malami mai duba aiki ya ce a kawo babi na ɗaya zuwa na uku nan da mako biyu. A irin wannan lokacin ɗalibi ke shigo mini gumi na zuba, ya saya jiya da yamma, bai gwada komai ba, harafi uku a kibod ba sa aiki. Ga shi bai iya bugu ba, da yatsa ɗaya yake neman haruffa. Wanda ya same ta tun aji biyu ko farkon aji uku, kafin kundi ya zo hannunsa ya faɗa, ya san halinta, ya san minti nawa batirinta ke yi.

Sabuwa fil ko ta hannu?

In akwai hali, sabuwa daga dilan da ke ba da garantin kamfani. Amma gaskiyar kasuwarmu ita ce yawancin ɗalibai ta hannu suke saya, waɗanda ake kira Landan-yus, ko da kuwa daga Amurka ko Dubai aka kwaso su. Kuma a kuɗi ɗaya, na fi son tsohuwar laftof ta ofis a kan sabuwa mai araha. Irin su HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, don manyan ma'aikatu aka yi su, waɗanda ke saye da yawa su yi shekaru suna aiki da su sannan su sallame su. Jikinsu ya fi ƙwari, maƙalar murfinsu ta fi juriya, buɗe su don gyara ya fi sauƙi. Sabuwa mai araha kuwa roba ce sakayau, maƙalar murfi ke fara ɓallewa.

Akwai wani sharaɗi da a da ba ma kawo shi, yanzu ya zama dole. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma, a ƙa'idar kamfanin, sai injin Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Kasuwa cike take da zubi na 4, na 5, na 6, an goge su suna ƙyalli. Masu shago kan ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, ta hau, ta yi aiki, amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da aiko mata da gyare-gyare ba. Ɗan aji ɗaya shekara huɗu ko biyar ke gabansa, mai karatun likita shida. Kada a fara masa da abin da aka riga aka yi wa sallama.

Ta yaya zan gane zubin? Ni dai na ga an manna Core i7 a jiki.

Ƙanena, wannan 'yar takardar da aka manna ta ci kuɗin mutane da yawa. Core i7 suna ne na gida, ba ya faɗin shekaru. Ka shiga Settings, ka je System, ka danna About, ka karanta cikakkiyar lambar injin. In ka ga i7-4600U, zubi na 4 ne, tun wajen 2013. In ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, kuma wannan i5 ɗin zai bar waccan i7 ɗin a baya nesa ba kusa ba. In lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, to lambobi biyun farko ne zubin, kamar i5-1135G7 da ke zubi na 11. Farkon lambar da ke bayan ɗan layin nan shi ne abin dubawa.

A wannan shafin za ka ga RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi. Kada ta gaza 8GB. Mai AutoCAD ko MATLAB ko manhajar taswira ta ArcGIS ya nemi 16GB, ko aƙalla wadda ke da gurbin ƙari, don wasu siraran laftof a manne RAM ɗinsu take da babban allon ciki (motherboard), ba a ƙarawa. Ma'adana kuma ta zama SSD, ko da 256GB ce. Tsohon had-dis faifai ne ke juyawa a ciki, da allura a kansa. Ka saka shi a jaka, ka hau kabu-kabu zuwa Dandima, ka shiga motar makaranta a matse ka, kullum haka har zango ya ƙare, wata rana za ka ji yana ƙas-ƙas. SSD ba abin da ke motsi a cikinta.

Wane kamfani ne kayansa ba sa lalacewa?

Babu. Duk sunan da ka sani ya kwana a teburina. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in ta lalace, akwai kayanta a gari? A nan Arewa HP ta fi yawa a hannun mutane, sai Dell da Lenovo, saboda haka cajarsu da batirinsu da sikirinsu sun fi saurin samuwa, in babu a Sakkwato a aiko daga Kano. Wata kyakkyawar laftof da ɗan'uwa ya aiko daga waje, wadda ba mai irinta a gari, kibod kawai kan sa ta yi wata biyu a ajiye.

Me zan duba kafin in biya?

Da farko ka je da safe, ka je da lokaci, kuma in da hali ka je da wanda ya sani. Mai shagon da ya ƙi barinka ka zauna da ita awa ɗaya, ya riga ya ba ka amsa.

Ka fara da batiri, don nan aka fi cutar mutane. Kada ka yarda da "tana yin awa biyar". Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto. A ciki akwai lambobi biyu, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya yi ƙasa da rabin na farkon, ka sa kuɗin sabon batiri cikin cinikin. Sannan ka zare cajar, ka kunna bidiyo, ka sa ido. Batirin da ya faɗo daga 80 zuwa 30 a tsalle ɗaya ya gama yawo.

Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, har da lambobin sama. Ka sa farin shafi ya cika sikirin, ka nemi tabo ko layi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana saurare, in yana ƙara ko robar gefen tana ɗagawa, maƙala ta kusa tafiya. Ka soka filas a kowace ƙofa. Ka gwada kyamara da lasifika, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka. Ka juya ta ka duba kusoshin ƙasa, waɗanda kansu ya cinye sun sha buɗewa. Ka ɗora ta a teburi, in tana rawa ko wurin linzamin ya kumburo, batiri ne ya kumbura a ciki, kuma wannan haɗari ne, ba rangwame ake nema a kansa ba.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: ka sa a kashe ta a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka. Yawancin Landan-yus daga ma'aikatu suka fito, wasu da kalmar sirrin ma'aikatar a kulle. Yau ba za ta dame ka ba. Ranar da za a sake mata Windows ne za ka gane ka sayi gida babu makullin ɗaki ɗaya.

A ƙarshe risiti. A rubuta samfurin, da lambar jikinta, da kwana nawa mai shago ya ɗauki alhakinta, da abin da zai yi in ta ba da matsala, canji ko gyara ko mayar da kuɗi. "Ai mu 'yan'uwa ne, ka dawo kawai" magana ce mai daɗi, amma a sa ta a takarda.

A nan zan saya ko in sa a aiko mini daga Kano ko Legas?

Kasuwar Computer Village ta Ikeja da titin Beirut na Kano sun fi mu zaɓi, sau da yawa sun fi mu sauƙi. In kana da amintaccen mutum a can da zai gwada kamar yadda na faɗa, to. In babu, ka lissafa kuɗin mota, da haɗarin hanya, da ranar da za ta ƙi tashi kai kana Sakkwato mai ita yana Ikko ba ya ɗaukar waya. Ɗan abin da mai shagon gida ya ɗora a kai, kuɗin ƙofar da za ka iya ƙwanƙwasawa ne. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa a turo rabin kuɗi kafin a ɗora kaya a mota kuwa, ba ni da abin cewa sai Allah ya tsare.

Wani ɗalibi zai sayar mini da tasa da araha. In karɓa?

In yana da risiti mai lambar da ta yi daidai da ta jikinta, kuma ka san shi, ka san ɗakinsu. In babu caja, babu risiti, kuma yana sauri, ka bar ta. Ana satar laftof a ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ke fara amsa tambayoyi.

Gaskiya ne zafin garin nan na kashe laftof?

Hajiya, shi ne babban abokin cinikina. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, alhali kamfanin Apple, misali, iyakar da ya rubuta wa laftof ɗinsa ita ce a yi aiki da ita a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Sauran ma kusan nan suke. Wato wata uku a shekara muna aiki da su a yanayin da ba don shi aka yi su ba. Zafi na tsufar da batiri da wuri, yana kuma sa injin ya rage gudu don ya ceci kansa, shi ya sa za ki ji yarinya na cewa laftof ɗinta ta yi nauyi da rana, da dare kuma lafiya lau.

Kafin bazara kuma hunturu ya riga ya yi nasa aikin. Ƙurar Disamba da Janairu fanka ke zuƙe ta, ta taru a bakin mafitar iska. Idan na buɗe laftof a watan Afrilu, abin da nake cirowa daga nan kamar guntun bargo yake, ja-ja-ja, har ɗagowa yake a dunƙule. Iska ba ta fita, zafi ya zo ya tarar da ƙofa a toshe.

Maganin ba tsada. A kai ta a share fanka a sake man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi sau ɗaya a shekara, kuma ƙarshen Fabrairu ya fi, bayan ƙura kafin zafi. Sannan a daina ɗora ta a katifa ko filo ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska. Na san a ɗakin ɗalibai katifar ita ce kujera ita ce teburi. To a nemi faranti, ko guntun katako, ko babban littafi mai kauri a ɗora ta a kai. Kada kuma a bar ta cikin mota a rufe da rana, ko na zuwa sallar Azahar ne.

Wuta fa?

Caja ta asali ita ce garkuwar farko. Cajar bogi mara nauyi, wadda ke zafi kamar dutsen guga, ita ke ƙona babban allon cikin laftof, kuma gyaran allo ya ninka kuɗin caja sau da yawa. In an ɗauke wuta a zare, kada a bari ta dawo ta same ta a jone, haka ma lokacin da ake tayar da janareta. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, a cire daga soket. Wanda zai iya, ya nemi mai karɓar caji ta ƙofar USB-C, don akwai fawa-bank masu ƙarfi da ke cajinta, abin da ke da daɗi a daren jarrabawa.

MacBook ko Chromebook fa?

MacBook mai injin M1 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2020, batirinta abin yabo ne. Amma gyaranta tsada, ba a ƙara mata RAM, wasu manhajojin kamar ArcGIS Pro a Windows kaɗai suke aiki, kuma ta hannu in tana ɗaure da asusun iCloud na tsohon mai ita, ado ka saya. Chromebook kuwa araharta ke jan iyaye. Ba Windows ce a kanta ba, rabin amfaninta da intanet ne, kuma SPSS ɗin da malami zai nema ranar nazarin alƙaluma ba za ta hau ba.

Bashin karatu na NELFUND zai saya mini?

Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makaranta. Abin da ke shiga hannun ɗalibi na ɗawainiya naira 20,000 ne a wata. Ka yi lissafin da kanka.

In duk na bi wannan, ta kuma lalace ana tsakiyar kundi fa?

Tana iya yi, ƙanwata, ko sabuwa ce. Laftof ana gyarawa ko a ara ta ƙawa, abin da ke ciki ne ba a arowa. Wata ɗaliba ta taɓa zama a bencin nan tun hantsi har La'asar, babi huɗu na cikin had-dis ɗin da ya daina juyawa, saura kwana tara ta miƙa. Mun yi duk dabarar da muka sani bai tashi ba. Abin da ya cece ta shi ne ta tuna ta taɓa tura wa malaminta babi uku ta imel, sai na huɗun ta sake rubutawa daga takardunta.

Kowane asusun Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive, kundin digiri gaba ɗaya kuwa bai cika kai girman bidiyon biki guda ɗaya ba. Duk daren da kika yi rubutu, ki tura kwafi can kafin ki rufe murfin, ki sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Wani kwafin kuma a filas, kuma filas ɗin kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof, don ɓarawo da jakar yake tafiya.